DAKARUN JIKI DA GUZURINSU

Bayani domin hakimai da malamansu, musamman waɗanda jama'arsu ke aiki a Sharaɗa da Challawa da Bompai

GABATARWA

An shirya wannan 'yar takarda domin masu girma hakimai da malamansu su karanta, su fahinta, kana su bayyana wa dagatai da masu unguwa, su kuwa su isar wa talakawa. Abin da ke cikinta ilmin likita ne mai ɗan nauyi, amma ya kamata shugabanni su san shi, gama wurinsu jama'a ke kai kuka, maganarsu kuma ake ji.

Kano tana da manyan unguwannin masana'antu guda 3. Bompai, wadda ke arewa maso gabas da birni, ita ce ta fi daɗewa. Sharaɗa tana kudu, Challawa kuwa tana ƙasar Kumbotso, kusa da Panshekara. A wuraren nan ana jima, ana yin kayan roba, ana matsar mai, ana sarrafa abinci da abin sha. Kamfanoni da dama sun rufe tun daga shekarun 1990, sabo da ƙarancin wutar lantarki da waɗansu dalilai, amma waɗanda suka rage suna ɗauke da leburori masu yawa, kowanne da iyali a bayansa.

Ga tambayar da za mu bi. Mutum 2 suna aiki ɗaki ɗaya, suna shaƙar iska ɗaya, ƙwayar tarin fuka ta shiga huhun kowannensu. Ɗaya ya kwanta, ɗaya bai ko yi tari ba. Mene ne ya raba su? Babban rabon amsar yana ga waɗansu ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin T, da irin guzurin da suke samu, da kuma masu ba su iznin cin guzurin.

1. SU WANE NE ƘWAYOYIN T?

A cikin jinin mutum akwai jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, akwai kuma farare masu tsaron jiki. Ƙwayoyin T wani jinsi ne na fararen. Ƙanana ne ƙwarai, ba a ganinsu sai da madubin likita, in an jera guda 1,000 ba za su cika santimita 1 ba. Asalinsu daga ɓargo ne, amma ba su isa aiki sai sun bi ta wata 'yar tsoka da ke bayan ƙashin ƙirji, wadda ake kira taimus. Can ne barikinsu, can ake koya musu bambanta ɗan gida da baƙo. Daga sunan tsokar nan aka ɗauko harafin T. Likitoci sun daɗe suna zaton ba ta da wani amfani, sai a 1961 wani masani mai suna Jacques Miller, yana aiki a Landan, ya nuna cewa jaririn ɓera da aka cire wa ita ba ya iya kare kansa daga cuta.

Bayan sun fito bariki sukan yi ta zagaya tsakanin jini da saifa da 'yan ƙulle-ƙullen nan na wuya da hammata da matsematsi. Kaluluwar da kan fito wa mutum in ya ji ciwo a ƙafa, alama ce dakarun sun taru suna shiri.

Aikinsu iri-iri ne. Akwai masu kashe ƙwayar jiki wadda cuta ta shiga. Akwai mataimaka, masu tsara yaƙi, waɗanda likita ke ƙirgawa da sunan CD4. Mai lafiya yakan sami tsakanin 500 da 1,500 a cikin ɗan ɗigon jinin da ake aunawa. Su ne cutar ƙanjamau ke ci, in sun yi ƙasa da 200 kuwa, cututtuka sun sami hanya. Akwai kuma masu tsawatarwa, waɗanda ke hana sauran su auka wa jikin da suke tsaro. Shimon Sakaguchi na ƙasar Japan ya bayyana su a 1995, kuma a 2025 aka ba shi lambar Nobel tare da Mary Brunkow da Fred Ramsdell na Amurka.

2. YADDA SUKE CIN GUZURI

Kowace ƙwayar jiki tana bukatar abinci, kamar yadda fitila ke bukatar mai. Abincinta kuwa shi ne abin da mutum ya ci ya narke ya shiga jini: sukari daga tuwo da fura, maiƙo daga mai da kitse, da gutsattsarin furotin daga wake da nama da nono. Cin ƙwayar T yana da hali 3, gwargwadon abin da take ciki.

Hali na farko, zaman jira. Ƙwayar da ba ta taɓa gamuwa da abokin gaba ba, cinta kaɗan ne. A cikinta akwai 'yan murahu da ake kira maitokondiriya, inda take ƙona sukari da maiƙo sannu sannu da iskar oksijin, har su ƙone ƙurmus. Ta wannan hanya, ƙwayar sukari 1 tana ba da wajen awo 30 na ƙarfi, abin da masana ke kira ATP. Tattali ke nan irin na mai gida a lokacin bazara.

Hali na biyu, yaƙi. Da zarar ta gane abokin gaba sai ta kumbura, ta shiga rabuwa biyu biyu kowane awa 6 zuwa 8, har guda 1 ta zama dubbai cikin mako. A nan sai ta buɗe ƙofofi masu yawa a jikinta, ta dinga jan sukari ninkin-ba-ninkin, tana farfasa shi da gaggawa ba tare da ta ƙona shi duka ba. Wannan hanya awo 2 kaɗai take bayarwa maimakon 30. Otto Warburg, Bajamushe, shi ya fara ganin irin wannan ci a ƙwayoyin ciwon daji cikin shekarun 1920.

Mai karatu zai ce wannan ai ɓarna ce. To, a dubi itace. In an ƙone shi har ya zama toka an sami zafinsa duka, amma ba a rage kome ba. In an tsai da wutar a rabi, sai a sami gawayi, wanda maƙeri zai yi aiki da shi. Haka ƙwayar T take yi. Ragowar sukarin da ba ta ƙone ba, da shi take gina jikin sababbin dakaru da makamansu.

Hali na uku, tsaron bayan yaƙi. In an ci nasara, fiye da kashi 90 cikin 100 na rundunar sukan mutu. 'Yan kaɗan da suka rage su ne masu tuni. Sukan koma ƙona abinci sannu, su ƙara yawan murahunsu, su zauna shekara da shekaru suna riƙe da kamannin abokin gaban. Ran da ya dawo, kafin ya zauna sun tashi. Allurar rigakafi da su take aiki.

3. MASU BA DA UMURNI

Abin lura a nan shi ne, ƙwayar T ba ta cin abinci don ta gan shi. Ko sukari ya cika jini, ba ta buɗe ƙofa sai an ba ta izni. Masu ba da iznin nan iri 2 ne.

Na farko ana kiransu saitokin. Saƙo ne da wata ƙwaya ke aika wa maƙwabciyarta, galibi a fagen da ake fama, kamar yadda mai unguwa ke aika wa ɗan'uwansa mai unguwa. Na biyu ana kiransu homon. Waɗannan daga wata gaɓa guda suke fitowa, su bi jini su kai ko'ina, kamar shelar da ta fito daga fada, kowa ya ji ta, na kusa da na nesa. Saitokin yana faɗin abin da ake ciki a fagen fama. Homon yana faɗin halin da ƙasa duka take ciki, ko akwai abinci a rumbu, ko ana cikin tsoro, ko dare ne ko rana.

A cikin kowace ƙwayar T akwai wani abu da masana suka sa wa suna mTOR, wanda aikinsa ya yi kama da na ma'aji. Ba ya sakin kaya sai ya ga abu 2 tare, watau takardar umurni, da kuma kayan kansu a taska. In ɗaya ya ɓace, runduna ba ta tashi.

Ga manyan saitokin da ya kamata a sani.

Intalukin-7 shi ne ke riƙe da masu zaman jira. Yana sa su ɗan buɗe ƙofar sukari daidai abin da zai raya su. In babu shi sukan ƙanƙance su mutu, ko da abinci na kewaye da su.

Intalukin-2 shi ne tambarin yaƙi. An gano shi a 1976 a Amurka, a ɗakin binciken Robert Gallo. Ƙwayar da ta farka ita ke fitar da shi, ya koma kanta da maƙwabtanta, ya ta da ma'ajin nan, a buɗe ƙofofin sukari da na furotin. Masu tsawatarwa su ma da shi suke rayuwa, sabo da haka tambarin da ya tara runduna shi ne kuma ke ciyar da masu hana ta wuce gona da iri.

Intalukin-15 na masu tuni ne. Yana sa su ƙara murahu, su iya ƙona maiƙo, su yi tsawon rai.

Akwai kuma intaferon-gama, wanda shi makami ne. Ƙwayar tarin fuka takan ɓuya cikin waɗansu manyan fararen ƙwayoyi na huhu da suka haɗiye ta suka kasa kashewa. In ƙwayar T ta aiko musu da intaferon-gama sai su sami ƙarfin murƙushe ta, ko su yi mata shinge. A 2013 masana a birnin St. Louis na Amurka suka nuna cewa ƙwayar T ba ta iya fitar da wannan makami sosai sai tana cikin cin sukarin nan na gaggawa. Ashe duk abin da ya taɓa guzuri ya taɓa makami. A riƙe wannan, gama a kansa sauran bayanin ya dogara.

4. YUNWA

Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kitsen jikin mutum yana fitar da wani homon mai suna leftin, wanda Jeffrey Friedman da abokan aikinsa suka gano a 1994 a birnin New York. Aikinsa shi ne ya shaida wa ƙwaƙwalwa da sauran jiki yawan abin da ke rumbu. In mutum ya rame, leftin ya yi ƙasa, sai jiki ya shiga rage kashe-kashe, kuma yaƙi yana cikin abubuwan da suka fi tsada.

A 1998 waɗansu masana a Landan suka hana ɓeraye abinci kwana 2, suka ga aikin ƙwayoyin T ya faɗi. Da suka yi musu allurar leftin, ba tare da sun ba su abinci ba, sai aikin ya farfaɗo. Watau shelar da ta ce rumbu ya ƙare ita ta tsai da dakarun. A 2014 wani bincike a Jami'ar Duke ta Amurka ya ƙara nuna cewa leftin yana cikin masu ba ƙwayar T iznin buɗe ƙofar sukari. An ga irin wannan a jikin mutane. Likitocin Cambridge ta Ingila sun duba yaran da aka haifa jikinsu ba ya yin leftin, suka sami mataimakan CD4 sun yi ƙaranci, kuma a 2002 suka ba da labarin cewa allurar leftin ta gyara abin.

Kada a ɗauka maganar nan ta shafi azumin wuni na mai lafiya, wanda ya yi sahur zai kuma sha ruwa da magariba. Kwana 2 ga ɓera yunwa ce mai tsanani. Abin da ake nufi shi ne ƙarancin abinci na wata da watanni, irin na leburan da ke wuni bakin inji da ɗan garin kwaki, ko yaron da tamowa ta kama. A jikin irin wannan yaro taimus kanta takan motse. Shi ya sa ƙyanda da gudawa da ciwon huhu suka fi kashe yaro mai tamowa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa rashin isasshen abinci a sahun gaba cikin abubuwan da ke jawo tarin fuka.

5. CIWON SUKARI

Insulin homon ne da ke fitowa daga wata gaɓa a bayan tumbi, mai suna fankiriyas. Frederick Banting da Charles Best suka fitar da shi a 1921 a Toronto ta ƙasar Kanada. Shi ne ke sa tsoka da kitse su karɓi sukari daga jini bayan an ci abinci. Ƙwayar T mai zaman jira ba ta cika sauraronsa ba, amma in ta farka takan fito da kunnuwan jinsa. A 2018, a Toronto ɗin dai, aka gwada ɓerayen da aka toshe wa ƙwayoyin T waɗannan kunnuwa. Sai aka ga cin sukarinsu ya ragu, yaɗuwarsu ta ragu, ba su kuma iya fama da ƙwayar mura yadda ya kamata ba.

Wannan yana taimaka mana mu gane wani abu mai ɗaure kai. Mai ciwon sukari jininsa cike yake da sukari, amma gyambonsa ba ya warkewa da wuri, cuta kuma tana saurin kama shi. Yawan hatsi a kasuwa bai ciyar da wanda aka rufe wa ƙofa. Ban da haka, yawan sukarin kansa yana ɓata jijiyoyin jini da aikin sauran fararen ƙwayoyi. Da aka tattara binciken ƙasashe da yawa a 2008, an sami cewa mai ciwon sukari ya fi wanda ba shi da shi haɗarin tarin fuka wajen ninki 3.

Ƙiba mai yawa ita ma tana da nata lahani. Kitsen da ya yi yawa yana fitar da leftin fiye da kima, yana kuma fitar da saitokin masu zuga kumburi, kamar wanda ake kira TNF. Tun 1993 aka nuna cewa wannan TNF na kitse yana hana jiki jin insulin. Sai dakaru su zauna kullum a zuge, ba yaƙi ba hutu. Ashe ramammen lebura da mai teɓa da ke zaune ofis, kowannensu garkuwarsa na iya samun tangarɗa, kowa ta hanyarsa.

6. KOTISOL: TSORO, AIKIN DARE, DA ƘWAYOYIN KANTI

A kan kowace ƙoda akwai wata 'yar gaɓa mai fitar da homon da ake kira kotisol. Shi ne shelar ko-ta-kwana. In mutum ya firgita, ko ya ji ciwo, ko yunwa ta matsa shi, kotisol yakan hau, ya tara sukari cikin jini domin ƙwaƙwalwa, ya ce wa sauran ma'aikatu su dakata. A wajen ƙwayar T yana hana fitar intalukin-2, yana rage cin sukarinta, in ya yi yawa har yakan kashe waɗansu. Na ɗan lokaci alheri ne, gama yana hana kumburi ya halaka mai shi. In ya daɗe a sama, ganuwa ce aka bari ba masu gadi.

Kotisol yana da lokaci. Yakan kai ƙololuwa da sassafe, ya sauka ƙasa wajen tsakar dare. Ƙwayoyin T suna bin wannan lokaci wajen fita cikin jini da komawa masaukinsu. A 2018 masana a Kyoto ta Japan suka nuna a jikin ɓera cewa hawa da saukar nan ta kullum tana shirya ƙwayoyin T su ji intalukin-7. Mai aikin dare da ake yi wa canji barkatai, yau dare gobe rana, agogon jikinsa yakan rikice. An kuma gwada mutane aka ga wanda aka hana barci bayan allurar rigakafi, amsar jikinsa ba ta kai ta wanda ya yi barci ba.

Akwai magunguna da aka yi su bisa kamannin kotisol. An fara ba mai ciwon gaɓoɓi irinsu a 1948 a asibitin Mayo na Amurka, a 1950 kuma Philip Hench da Edward Kendall da Tadeus Reichstein suka sami lambar Nobel a kai. A hannun likita suna ceton rai. A 2020 gwajin da aka yi a Ingila ya nuna deksametason ya rage mutuwar masu cutar korona da ke kan injin numfashi da wajen kashi 1 cikin 3. Amma wannan magani da ɗan'uwansa firednisolon, mutane suna sayensu a kanti da wurin masu talla, don ciwon jiki bayan aiki, ko don neman ƙiba, akwai su kuma cikin waɗansu mayukan sauya launin fata. Ƙibar da suke kawowa kumburin fuska ne da teɓa. Suna ta da sukarin jini, suna kwantar da ƙwayoyin T, suna iya ta da tarin fuka da ke kwance. Wajen kashi 1 cikin 4 na mutanen duniya sun taɓa ɗaukar ƙwayar tarin fuka, amma 5 zuwa 10 cikin 100 ne kaɗai ke kwantawa da ita, domin shingen da aka ambata a baya. Wanda ya daɗe yana shan ƙwayoyin nan, da hannunsa yake rushe shingen. Kada kuma ya daina su rana ɗaya, gama yin haka na da haɗari. Likita ne zai rage masa sannu sannu.

7. MAJEMA DA KUROMIYAM

Majeman gargajiya na Kano da bagaruwa suke jima. Kamfanonin zamani kuwa galibi da gishirin wani ƙarfe suke yi, mai suna kuromiyam, wanda aka fara jima da shi a Turai da Amurka cikin ƙarni na 19. Shi ne ke ba fata launin shuɗi-shuɗi kafin a rine ta. Iri 2 ne. Wanda ake jima da shi ya fi sauƙi, amma yana iya juyewa ya zama ɗaya irin, mai ratsa fatar mutum, mai cin hanci da huhu, wanda aka tabbatar yana jawo ciwon daji ga masu shaƙarsa.

A nan matsalar ba rauni ba ce, kuskuren dakaru ne. In kuromiyam ya ratsa fatar hannu yakan manne da furotin na jiki ya sauya masa kama. A jikin waɗansu mutane sai ƙwayoyin T su ɗauke shi baƙo, su yi shiri, su bar masu tuni. Daga ran nan, duk sa'ad da ruwan jima ya taɓa mutumin, bayan kwana 1 zuwa 3 sai ƙaiƙayi da ƙuraje da tsagewar fata. Jinkirin nan shi ne lokacin da dakarun ke ɗauka su farka su taru, shi ya sa da yawa ba su gane daga wurin aiki abin yake ba. A 2017 masana a Boston suka nuna cewa masu tunin da ke zaune cikin fata suna jan maiƙo daga kewayensu, da shi suke rayuwa. Guzurinsu yana nan kusa, ba su da dalilin tashi. Sabo da haka man shafawa yana kwantar da ƙurajen, amma tunin yana nan. Maganin gaskiya shi ne raba fata da ruwan.

Ruwan da masana'antu ke zubarwa bai tsaya a harabarsu ba. Na Bompai yana bin rafin Getsi ya shiga Jakara, ya tafi madatsar Wasai a ƙasar Minjibir. Na Sharaɗa yana bin Salanta, na Challawa kuwa kogin Challawa yake faɗawa. Masu lambu suna ban ruwa da shi, yara suna wasa a ciki. Masanan jami'o'inmu sun sha auna ruwan nan suna samun kuromiyam da waɗansu ƙarafa a ciki.

8. ABIN DA AKE ROƘON HAKIMAI

Hakimi ba likita ba ne, ba a kuma nemi ya ba da magani ba. Ga abin da ke hannunsa.

Na 1. Duk wanda ya yi mako 2 yana tari, ko yana ramewa da zufar dare, a tura shi asibiti. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati da aka keɓe. Maganin wata 6 ne, a gargaɗe shi kada ya yanke don ya ji sauƙi, a kuma duba mutanen gidansa.

Na 2. Mai tarin fuka a auna sukarinsa, a yi masa gwajin ƙanjamau. Mai ciwon sukari ya lura da tari, ya kuma shawarci likita kafin azumi.

Na 3. A yi wa masu kamfani magana su ba leburori lokacin cin abinci. A nuna wa iyalai cewa wake da gyaɗa da waken suya da zogale da nono da ƙwai suna gina dakaru, kuma ba duka ke da tsada ba. Yaron da ya rame ko ƙafafunsa suka kumbura a kai shi asibiti ran nan.

Na 4. A tabbatar an yi wa jarirai allurar BCG da haihuwa, da ta ƙyanda a wata 9 da wata 15.

Na 5. A ja kunnen jama'a kan ƙwayoyin ƙiba da na ciwon jiki da ba likita ya rubuta ba.

Na 6. Dokar Masana'antu ta 1987 ta ɗora wa mai kamfani ba da kayan kariya ga masu aiki cikin ruwa ko abu mai cutarwa, watau safar hannu da dogayen takalman roba da makamantansu. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta haɗa da cutar da aiki ya jawo. A sanar da leburori haƙƙinsu. A kuma nemi a tsara aikin dare yadda mutum zai sami barci.

Na 7. In an ga ana zubar da ruwan da ba a tace ba, malamin hakimi ya rubuta rana da wuri da launin ruwan, a aika wa Ma'aikatar Muhalli ta Jiha da hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007.

Na 8. Malamai su riƙe littafi na yawan waɗanda aka tura asibiti daga kowace unguwa. Ciwon mutum sirrinsa ne, kada a bari sunansa ya fita, gama tsoron tonon asiri shi ke sa mai tari ya ɓuya har ya shafa wa iyalinsa.

TAMBAYOYI DOMIN BITA

1. Don me ƙwayar T ke barin hanya mai ba da awo 30 ta kama mai ba da 2?
2. Mene ne bambancin saitokin da homon?
3. Yaya yunwa da ciwon sukari, waɗanda suke kishiyoyin juna, suke kai mutum ga tarin fuka?
4. Me ya sa ƙurajen majemi ke dawowa bayan sun warke?
5. A cikin abubuwa 8 da aka lissafa, wanne za a iya farawa a ƙasarku cikin wannan wata?

Ana fata kowane hakimi zai sa a karanta takardar nan a zaman dagatai na gaba, malaminsa kuma ya rubuto abin da aka zartar. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.